Gujon ɗin salansa: ƙaramin ƙarfen da ke kwantar da babbar mota a gareji

Duk wanda ya saba yin sammako a tashoshin motar Garwa ya san wannan ƙara, ko da bai san daga ina take fitowa ba. Direba zai tayar da injin da ya kwana, sai a ji wani "tak-tak-tak" yana bin bugun injin, kamar ana ƙwanƙwasa gwangwani da ƙusa. Bayan minti biyar ko goma ƙarar ta ragu, wani lokaci ta ɓace gaba ɗaya, sai a ɗora kaya a kama hanyar Marwa ko Ngaundere. Direbobi da yawa sukan ce tafet ne, ko kuma su ce halin motar ke nan da safe. Sau da yawa kuwa ba tafet ba ne. Wani ɗan ƙarfe ne da bai kai kaurin ƙaramin yatsa ba ya karye a gefen injin, hayaƙi kuma ya samu ƙofa.

Hayaƙin da ke fitowa daga kowace silinda yakan taru ne a wani ƙarfe mai rassa da ke manne a jikin kan inji, daga nan ya wuce zuwa bututun salansa. Wannan ƙarfe shi ne manifol, wanda ake kira collecteur d'échappement da Faransanci. Kan injin kuwa shi ne culasse a bakin makanikan Kamaru, top silinda a bakin na Yola da Mubi. Abin da ke haɗa su biyun shi ne gujon (goujon), wato sandar ƙarfe marar kai mai zare a ɓangarorinta biyu: ɓangare ɗaya a ɗaure cikin kan inji, ɗayan kuma ya ratsa ramin manifol a ɗaure shi da noti. A ƙananan motoci da bas-bas galibi kaurinsa milimita 8 ne, ana rubuta shi M8. A manyan injina milimita 10 ne ko fiye. A shagon kayan gyara kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Cire guntunsa idan ya karye a cikin rami shi ne aikin da ke iya cinye kwana uku, kuma shi ne ke iya jawo asarar kan inji ɗungurungum.

Zafi ne ke karya shi, tsatsa ce ke hana shi fita

Garwa gari ne mai bushewa. Ruwan da ake samu a shekara bai wuce kimanin milimita 1,000 ba, shi ma tsakanin Mayu da Oktoba, sauran watanni kuwa hunturu ne da bazara. Mai mota zai iya tambaya, to daga ina tsatsar take zuwa?

Mafi yawanta shigo da ita ake yi. Motocin gwanjo na Turai, waɗanda ake kira congelées a Kamaru, 'yan Beljiyam a Najeriya, sun shafe shekaru suna bin hanyoyin da ake watsa wa gishiri lokacin sanyi don narkar da ƙanƙara, gishiri kuwa abokin tsatsa ne na ƙut da ƙut. Daga nan su hau jirgin ruwa, su sauka a Duwala inda ake samun ruwan sama fiye da milimita 3,500 a shekara, su yi makonni a tashar jiragen ruwa cikin iskar teku. Kafin motar ta ga kogin Binuwai, noti da gujon sun riga sun zama abu guda. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci girma ninki-ba-ninki, don haka tana cike ɗan sararin da ke tsakanin zare da zare, ta matse su kamar an zuba siminti. Inda kan injin na alminiyum ne kuma, haɗuwar ƙarfe biyu mabambanta a wuri mai laima tana haifar da wani farin gari da ke ƙara liƙe su.

Amma abin da ke karya gujon a arewacin Kamaru zafi ne. Hayaƙin injin gazuwal mai jan kaya yakan kai digiri 500 zuwa 700 a ma'aunin Selshiyos, na fetur ya kan haura haka har zuwa wajen 900. Ƙarfe kuwa idan ya ɗau zafi miƙewa yake yi. Lissafin ba shi da wuya: manifol na ƙarfen zubi mai tsawon santimita 60, irin na inji mai silinda shida a jere, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 500, tsawonsa zai ƙaru da milimita 3 da 'yan kai. Kan injin da yake manne a jikinsa kuwa ruwan lagireto ne ke zagaya cikinsa, zafinsa bai cika nisa da digiri 100 ba, don haka miƙewarsa ba ta wuce rabin milimita zuwa milimita ɗaya ba. Ɗaya yana tafiya, ɗaya yana tsaye, gujon ne a tsakani. Kowane tashi da kashe inji lanƙwasa ce guda a gare shi, gaba da baya, kamar yadda yaro ke lanƙwasa waya har ta tsinke. Shi ya sa na bakin farko da na bakin ƙarshe su ne suke fara karyewa, domin can ne tazarar ta fi yawa. Shi ya sa kuma masu ƙera manyan motoci sukan raba dogon manifol gida biyu ko uku masu zamewa cikin juna.

Hanyar ƙasa mai lamba 1 kamar an shimfiɗa ta ne don gwada wannan lissafi. Tun da layin dogo ya iso Ngaundere a 1974, kayan da za su je Garwa, Marwa, Kuseri da Njamena a nan ake sauke su a ɗora wa manyan motoci, audugar Sodecoton kuma ta bi hanyar zuwa kudu. Tsakanin Garwa da Ngaundere kusan kilomita 280 ne, amma Garwa na kwance a kwarin Binuwai, mita 200 da wani abu sama da teku, Ngaundere kuwa na kan tudun Adamawa, sama da mita 1,100. Babban kaso na wannan hawa a wuri guda yake, a gangaren nan da ake kira falaise, kudu da Mbe. Motar da ta ɗauko kaya fiye da ƙima takan hau shi da giya ta ƙasa, tana nishi, manifol ya yi ja. Idan direba ya kai sama ya kashe inji nan take don ya sha shayi, ko kuma da damina ya afka cikin ruwan mayo da manifol mai zafi, ƙarfen zai tsuke da sauri fiye da yadda ya miƙe. Haka nan masu wankin mota da ke sheƙa wa inji ruwa da zarar an tsaya. Bayan shekaru manifol ɗin kansa yakan kantare, ya daina kwanciya daidai, ya riƙa jan gujon ko da inji na sanyi.

Daga cikin motocin da suka shahara da wannan cuta a Turai da Amurka akwai motoci masu ɗaki, camping-car, irin waɗanda 'yan yawon buɗe ido kan ratso Sahara da su zuwa gandun dajin Waza da na Binuwai da duwatsun Rumsiki, kafin sace wasu Faransawa bakwai 'yan gida ɗaya kusa da Waza a Fabrairun 2013 ya rage zuwansu. Dalilin a fili yake: motar kullum a cike take da nauyin gado da tankin ruwa da kicin, injinta a matse cikin ɗan akurki marar iska, sannan takan yi watanni a ajiye tana tsatsa kafin a tashe ta a yi doguwar tafiya. Injin fetur na Ford mai silinda 10 da aka riƙa sa wa irin waɗannan motoci a Amurka ya yi suna wajen karya gujon. Hiace da Coaster na tashoshin arewacin Kamaru ba su da kicin, amma sauran sharuɗɗan duk sun cika su, in ban da zaman banza.

Ba ƙarar ce matsalar ba

Ƙarar takan ɓace ne don manifol ya kumbura da zafi ya toshe kafar na ɗan lokaci, ba don ta warke ba. Kullum kafar ƙara faɗi take, hayaƙi mai zafi yana cinye gaskit, daga baya ya fara zaizaye fuskar kan injin, musamman na alminiyum. Nauyin da gujon ɗin da ya karye ya sauke kuma maƙwabcinsa ne zai ɗauka, shi ma ya bi sahu.

A injin gazuwal mai turbo, hayaƙin da ya tsere kafin ya isa turbo ƙarfi ne ya tafi: motar ta yi nauyi a hawa, ta riƙa baƙin hayaƙi. A motar fetur ta zamani, kafar kan zuƙo iska daga waje, na'urar da ke auna iskar oksijin a cikin hayaƙi ta aika wa kwamfutar motar labarin ƙarya, ita kuma ta ƙara mai. Mai mota ya yi ta zargin zuwa-zuwan da ya saya a bakin hanya, alhali man ba shi da laifi.

Abin da ya fi waɗannan duka shi ne iskar kabon monoksayid. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini ya fi kama ta fiye da oksijin sau 200 ko fiye. Injin fetur ya fi na gazuwal fitar da ita nesa ba kusa ba, amma hayaƙin kowanne ba abin shaƙa ba ne. A Hiace injin a ƙarƙashin kujerun gaba yake, a Coaster kuma a ƙarƙashin murfin da ke gefen direba, robar da ke toshe murfin kuwa a tsofaffin motoci ta daɗe da mutuwa. Alamomin farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da gyangyaɗi, waɗanda kowa zai ɗauka gajiya ce ko zazzaɓin cizon sauro. Direban da ke ɗauke da fasinja goma sha takwas yana gyangyaɗi a kan sitiyari, maganar ta wuce ta gareji. Haka kuma wanda ke kwana cikin mota a kan tudun Adamawa a watan Disamba, gilasai a rufe, inji na aiki.

Gane matsalar ba ya buƙatar na'ura. A duba da safe kafin a tayar da inji: a ƙirga noti, a ga ko akwai gurbin da ba kowa, a nemi baƙin tabon hayaƙi a jikin kan inji. Idan an tayar, guntun tiyo a kunne, ɗaya bakin ana zagayawa da shi kusa da manifol, zai nuna inda ƙarar take. Kada a laluba da hannu.

Sa'ar farko

Yawancin gujon ɗin da ake fama da su a gareji ba a hanya suka karye ba. Mota takan shigo da ɗaya a karye, ta wayi gari da huɗu, saboda an bar yaron gareji da sifana da dogon bututu ya yi ta kwantar da ƙirji. Mai mota na tsaye a kansa yana cewa, "Maigida, lodi na jira na a tasha," shi kuma maigidan ya ce a yi sauri. Sauri ya haifi nawa.

Aikin na farawa ne tun daren jiya. A bar inji ya huce, a goge zaren da ke waje da burushin waya, a fesa man kwance tsatsa, dégrippant, a sake fesawa sau biyu ko uku kafin safiya. Inda babu shi wasu kan yi amfani da gazuwal ko man birki. Suna ɗan taimakawa, sai dai man birki na cin fenti. Sifana mai baki buɗe ba ta da wuri a nan. Soket mai kusurwa shida ake so, wanda ya kama notin ƙam, in ya cinye a buga masa wanda ya fi shi ƙanƙanta kaɗan. A ɗan ƙwanƙwasa notin da guduma don tsatsar ta farfashe, a ɗan ƙara ɗaure shi kamar ƙwayar gero, sannan a kwance. In ya motsa, a yi ta kai da komo ana ƙara mai, kwata gaba, rabi baya. Hannun da ya ƙware yakan ji bambanci tsakanin noti mai juyawa da gujon mai murɗewa: na biyun laushi yake yi kamar ana murɗa alewa, kuma nan ne wurin tsayawa.

Idan ya ƙi, sai wuta. Notin ake gasawa da wutar walda ta gas har ya yi ja, domin ya buɗe ya saki gujon. A kawar da tiyon mai da wayoyi, a ajiye abin kashe gobara kusa. A kuma tuna alminiyum ba ya yin ja kafin ya narke. Yana kai wajen digiri 660 sai kawai a ga ya zube. Idan wutar ma ba ta yi ba, a tsaga notin da kurfi ko a yanke shi a gefe. Noti ba a bakin komai yake ba. Da zarar manifol ya fita, gujon mai tsawo a waje ya fi sauƙin sha'ani sau goma a kan wanda ya karye a bakin rami: a ɗaura masa noti biyu a matse su da juna, a juya na ciki, ya fito.

Kafin a ɗauki kowane makami a kan wanda ya karye, a san da wane irin kan inji ake magana. Tsofaffin injinan gazuwal na Toyota, 2L da 3L da 5L na Hiace da Hilux, da 1HZ na Coaster da Land Cruiser, kansu ƙarfen zubi ne. Waɗanda suka zo bayansu, 1KD da 2KD, alminiyum ne. Maganaɗisu zai raba gardama.

Dabarar da ta fi kowacce cin nasara ita ce walda. A share bakin guntun har ya yi fari, a ɗora masa washa mai rami daidai kaurinsa, a yi walda ta cikin ramin, sannan a ɗora noti a kan washar a cike cikinsa. Idan guntun ya nutse ƙasa da baki, sai a riƙa ɗiga walda a kansa ɗigo-ɗigo har ya taso. Amfanin biyu ne. An samu abin kamawa, sannan zafin waldar ya kumbura guntun, da ya huce ya tsuke, tsatsar da ke riƙe da shi ta karye. Saboda haka ba a juya shi yana ja. A jira ya huce, a sa mai, a fara kai da komo a hankali. Notin zai iya ɓallewa sau biyu, sau uku, har sau biyar. Wannan ba faɗuwa ba ce, kowane zagaye yana ƙara sassauta shi. A kan alminiyum aikin ya fi sauƙi, domin waldar ƙarfe ba ta kama shi. A kan ƙarfen zubi kuwa tana iya kamawa, a wayi gari an haɗe guntun da kan inji har abada. Ƙwararru kan zura ɗan guntun bututun jan ƙarfe cikin ramin ya kare bangonsa.

Akwai sharuɗɗa biyu da ake yawan tsallakewa. A cire wayoyin batir, a kuma maƙala wayar ƙasa ta injin walda a jikin kan injin kusa da wurin aiki, ba a jikin bamba ko shasi ba. In ba haka ba wutar za ta nemi hanyarta ta cikin wayoyin motar da boris, kuma a motar da ke da kwamfuta asarar na iya fin ta gujon sau ɗari. Na biyu, walda na son wuta mai ƙarfi. A bazara, lokacin da ruwan madatsar Lagdo mai megawat 72 ya ja baya, wutar unguwanni kan yi rauni ko ta ɗauke, waldar da aka yi da raunanniyar wuta kuwa a saman guntun take zama, ba ta shiga jikinsa. Gara a jira wuta ta dawo sosai, ko a nemi mai janareta.

Huda, da makamin da ya fi kowanne yaudara

Idan walda ta gaza, ko wurin bai ba da damar shigar da ita ba, sai huda. Nan ne kan inji ke mutuwa ko ya rayu. Gujon ƙarfe ne mai tauri, abin da ke kewaye da shi kuma ya fi shi laushi, don haka bakin injin huda kullum neman zamewa gefe yake. Dole a daidaita fuskar guntun, a buga masa alama a tsakiya cif, a fara da siririn baki na milimita 3, a hankali, da mai. Gudu ƙona bakin yake yi. Makanikai masu dabara kan mayar da manifol ɗin wurinsa, su sa wani ɗan bututu da mai sassaƙa ƙarfe, tourneur, ya yi musu daidai ramin, ya zama jagora. A auna zurfin wani ramin da ba kowa a cikinsa, a naɗa salatif a jikin bakin hudar daidai wannan tsawo. Bayan ƙarshen ramin da 'yan milimitoci akwai hanyar ruwan lagireto a injina da yawa, wanda ya zarce zai ga ruwa na tsiyaya daga inda hayaƙi ya kamata ya bi.

Akwai bakin huda mai juyawa hagu. Yana da wuyar samu, amma ya cancanci a yi saƙonsa daga Duwala ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, domin yana huda yana kwancewa, sau da yawa guntun kan biyo shi kafin a gama. In bai biyo ba, a riƙa ƙara girman baki har milimita 6.8 ga M8 mai tazarar zare 1.25, ko 8.5 ga M10 mai tazarar 1.5. Idan hudar ta tafi daidai, abin da zai rage siririn zare ne kamar waya, a tsince shi da tsinke, a bi ramin da taro (taraud), ƙarfen yanka zare.

Makamin da ya kamata a yi hattara da shi shi ne wanda Faransawa ke kira queue de cochon, wutsiyar alade: wani ƙarfe mai tsini da murɗin hagu da ake bugawa cikin hudar a juya. Yana aiki a kan bolti mai tsabta da ya karye saboda an ɗaure shi fiye da ƙima. A kan gujon mai tsatsa kuwa yana buɗa guntun ne ya ƙara matse shi a bango, kuma da yake an ƙera shi da tauri sosai, ba ya lanƙwasa, ƙaras yake karyewa. Guntunsa ya fi bakin huda tauri. Aikin yini ɗaya ya koma na sauke kan inji. Duk makanikin da ya ciro wannan abu tun farko, kafin ya gwada walda, mai mota na da haƙƙin ya ce masa, "Malam, dakata tukuna."

Zaren ramin da ya lalace ba ƙarshen zance ba ne. Akwai wata waya mai murɗi da aka fi sani da sunan Helicoil: a faɗaɗa ramin kaɗan da bakin da ke cikin kwalinta, a yanka sabon zare da taronta, a zura ta, ramin ya koma M8 kamar da. A alminiyum ta kan fi zaren asali ƙarfi. Inda ɓarnar ta yi yawa, mai sassaƙa ƙarfe zai iya yin gujon mai kauri biyu, M10 a ciki M8 a waje, ko ya dasa wani bututu mai zare ciki da waje. Abin da ba gyara ba ne shi ne cusa bolti mafi kauri da ƙarfin tsiya, ko shafe kafar da gam, ko ɗaure manifol da waya, ko liƙa shi da walda a jikin kan inji. Duk ana yi, kuma duk suna kai mota Figil ne kawai, ba su dawo da ita.

Wani lokaci gaskiyar ita ce a sauke kan injin. Gujon na can baya, inda injin huda ba ya shiga a miƙe, ya fi arha a kai shi kan teburin mai sassaƙa ƙarfe, ko da za a sayi sabon gaskit na kan inji, a kan a huda shi a karkace.

Mayarwa

Gujon ya fita, amma abin da ya karya shi na nan. A ɗora miƙaƙƙiyar rula ta ƙarfe a fuskar manifol a duba ta gaban haske. In haske na wucewa, ya kantare, sai an kai an goge fuskar ta daidaita, ko a sauya shi in ya tsage. Ɗaure kantararren manifol da ƙarfi don ya kwanta shi ne shuka karyewa ta gaba. Tsohon gaskit ba ya komawa. Sauran gujon ɗin ma, tunda shekarunsu ɗaya kuma wahalarsu ɗaya, a sauya su duka yanzu da hanya ke buɗe.

A kula da abin da ake saye. Lambar da ake bugawa a kan bolti tana da ma'ana: M8 mai lamba 8.8 na ɗaukar jan kusan tan 3 kafin ya tsinke, mai 10.9 fiye da tan 3 da rabi, mai 4.6 kuwa, irin na shagon kayan gini, kimanin tan ɗaya da rabi, kuma zafi na rage wa kowannensu ƙarfi. Sandar zare da ake yankawa da zarto a yi gujon da ita galibi daga wannan ajin na ƙasa take. Na kamfanin motar shi ne zaɓin farko. Notin da ya dace shi ne mai rufin jan ƙarfe, wanda ba ya liƙewa, a kuma shafa wa zaren man jan ƙarfe, graisse cuivrée, kaɗan. Wasu injinan na zuwa da dogayen bututu a ƙarƙashin noti, yaran gareji kan jefar da su a zaton ba su da aiki. Su ne ke ba da damar sa dogon gujon, dogo kuwa ya fi gajere jure miƙewa da tsukewa.

Gujon ana zaunar da shi ne a raminsa ba tare da an ƙure shi ba. Noti kuma daga tsakiya ake fara ɗaurewa a fita gefe da gefe, zagaye biyu ko uku, da sifana mai awo. Ga M8 awon na yawo ne tsakanin 20 da 30 a ma'aunin Nm, amma littafin kowane inji ne ke da magana ta ƙarshe, kuma zare mai maiƙo na buƙatar ƙasa da busasshe. Garkuwar zafi ta gwangwani da ke rufe manifol ta koma wurinta, domin ita ke kare wayoyi da tiyo. Bayan tafiya biyu ko uku, a sake bin notin da sifana inji na sanyi.

Saura a leƙa ƙarƙashin motar. Bututun salansa na rataye ne da robobi, kusa da inji kuma akwai ƙarfen da ke tallafe shi, wasu motocin da wata gaɓa mai lanƙwasa. Idan robobin sun tsinke, ko an yanke gaɓar an yi walda a miƙe, ko kujerun inji sun mutu, to nauyin bututun gaba ɗaya da girgizar hanya a kan gujon suke sauka. A hanyoyin ƙasa irin na ƙauyukan auduga na Mayo-Rey da Faro, inda mota ke rawa daga safe har yamma, sabon gujon da aka sa ba tare da an gyara waɗannan ba zai yi wuya ya ga damina biyu. Direba kuma, in ya gama hawan falaise, ya bar injin ya yi minti biyu ko uku yana aiki a tsaye kafin ya murɗa makulli.